An Ce Ta Mutu: Nasiha Ga Matasan Kurfai Masu Rubuta Manhaja

Ƙannena da ƴaƴana na ƙasar Kurfai, ku da kuka kama sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, ku ba ni aron kunnuwanku. Daga kasuwa zan fara, don can na fara ganin abin da nake son faɗa muku, tun ban taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwar bisashe ta Filinge ranar Lahadi ya san yadda magana guda ke karya kuɗin sa. Makiyayi ya koro bijiminsa tun daga wajen Abala, ya kwana a hanya. Da hantsi sai wani ya raɓo shi, ya yi ƙasa da murya, ya ce ai an rufe iyaka, fataken Najeriya ba su zuwa yau, wanda bai sayar da safe ba da abinsa zai koma. Makiyayi ya dubi rana, ya tuna nisan gida, ya sallama a kan kuɗin da bai kai ba. Kafin azahar sai ga manyan motoci sun iso. Wani lokaci kuwa maganar gaskiya ce, iyakar a rufe take, kamar yadda muka gani bayan watan Yuli na 2023, kuma wanda ya ƙi sayarwa da safe shi ne ya kwana da takaici. Wahalar ke nan. Da duk jita-jita ƙarya ce, da babu buƙatar nasiha, toshe kunne kawai ya isa.

A sana'armu akwai wata mararraba da duk mai gina manhajar kwamfutar tebur ko ta cinya yake tsayawa a kanta. Ko dai ka gina ƴar gida, wato manhajar da aka ɗinka da awon tsari guda, a ce Windows, da kayan aikin da Microsoft ta tanada irin su Win32 da WinForms da WPF, ko kuwa macOS da kayan Apple. Irin wannan tana zama daram a jikin inji, ba ta da cin ƙwaƙwalwa, tana magana da na'urar buga takarda ba tafinta, amma in ka kai ta wani gida ba ta san kowa ba. Ko kuma ka gina gama-gari, rubutu ɗaya ya yi aiki a Windows da Linux da macOS, wani lokaci har da wayar Android. A nan ake samun Qt da Electron da Flutter da Java. Kowace hanya da ribarta da harajinta. Ba ni da rigima da wanda ya zauna ya auna sannan ya ɗauki ɗaya. Rigimata da wanda ya ɗauka don ya ji an ce.

Wani ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya gama karatu a Yamai, Allah ya haɗa shi da wani Alhaji mai sayar da maganin bisashe da taki da iri a Filinge. Alhaji yana son abin da zai riƙe masa lissafin kaya da basussuka, ya kuma fitar da takardar shaidar ciniki. Yaron ya zauna wata uku ya rubuta da C# a kan WPF. Manhaja ta zauna lafiya, Alhaji ya biya rabin kuɗi, yaran shago suka saba da ita. Ana nan a 2023, wata rana a fada ana shan shayi, wani abokinsa ya miƙa masa waya ya ce ya kalli wani bidiyo. Wani Bature ne yana rantsuwa cewa WPF ta mutu, Microsoft ta yi watsi da ita, duk mai hankali ya koma Electron. Yaron nan bai yi barci ba a daren. Ya ɗauki wata biyu yana sake rubuta abin da babu wanda ya yi kuka da shi. Ya zuba sabuwar a kile, wato ƴar ma'adanar USB, ya hau mota, ya bi ta Baleyara da Bonkuku, tafiyar kilomita kusan 180, ya isa shago da fara'arsa.

Ya danna, ba ta buɗe ba. Kwamfutar Alhaji gwanjo ce, Windows 7 ke kanta, ƙwaƙwalwarta giga 2. Electron kuwa tun daga fitowa ta 23, a farkon 2023, ta daina tashi a kan Windows 7, domin a cikinta akwai Chromium gaba ɗayansa, injin da ke tuƙa Chrome, kuma shi ne ya fara sallamar tsohon tsarin. Yaron ya koma wa tsohuwar fitowar Electron, ta buɗe, amma tana tafiya kamar amalanken da ya shiga rairayin Dallol da lodin gero. Alhaji ya gyara zama ya ce, “Yaro, ni ban san wanga zance na mutuwa ba. Abin da nis sani, jiya tana aiki, yau ba ta yi.”

Da ya kira ni yana cewa, “Kawu, ai an ce ta mutu,” dariya na yi, ba don mugunta ba. Jita-jitar da ta hana shi barci ta girmi shigarsa kwaleji. A watan Yuni na 2011 Microsoft ta nuna Windows 8 karo na farko, ta ce za a riƙa rubuta sababbin manhajojinta da HTML5 da JavaScript, ba ta ambaci C# ba. Hankalin masu sana'a ya tashi a duniya, aka yi ta cewa shekarun da suka kashe suna koyo sun tafi a banza. Microsoft ta yi gum har zuwa taronta na watan Satumba, inda aka ga ashe C# na nan. Tun daga ranar ake yi wa WPF zaman makoki kusan kowace shekara. Ita kuwa, da aka haifa a 2006, an buɗe rubutunta ga kowa a watan Disamba na 2018, an ɗora ta a kan sabon .NET a 2019, kuma a taron kamfanin na 2024 an sake ambaton ta cikin hanyoyin da ake ba masu gina manhajar Windows shawara su bi. Gawar da ake ta yi wa salla shekara goma sha wani abu, ita ce ta ci gaba da zuwa kasuwa.

To amma kada ku ɗauka ina cewa ku raina duk abin da kuka ji. Ruwa ba ya tsami banza. Silverlight ƙanwar WPF ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a kanta raɗe-raɗin ya tabbata. A watan Oktoba na 2010 wani babban jami'in Microsoft, Bob Muglia, ya faɗa wa wata ƴar jarida cewa dabarar kamfanin game da ita ta sauya. Kamfanin ya yi ta lallashin mutane daga baya, har ya fitar da Silverlight 5 a ƙarshen 2011, amma daga ita ba a sake wata ba. Wajen Apple abin ya fi ciwo. A 2006 ta yi wa masu amfani da tsohon kayan gininta, Carbon, alkawarin za ta ɗaga shi zuwa tsarin bit 64. A 2007 ta janye alkawarin. Kamfani kamar Adobe, da duk ƙarfinsa, sai da ya sake gina Photoshop na Mac a kan Cocoa, ɗaya kayan ginin na Apple, aikin da bai fito ba sai 2010. Haka aka shekara da shekaru ana ƙishin-ƙishin Apple za ta bar injin Intel ta ƙera nata, wasu na cewa zancen shayi ne, sai ga sanarwa a watan Yuni na 2020.

Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne tazara. Daga ranar da Muglia ya yi maganarsa zuwa ranar da aka daina kula da Silverlight, 12 ga Oktoba 2021, shekara 11 ne. Flash, wanda Steve Jobs ya rubuta takardar sukarsa a watan Afrilu na 2010, bai rufe ido ba sai ranar ƙarshe ta 2020, kuma Adobe ta sanar da ranar tun 2017. Manyan kamfanonin nan suna da bankuna da asibitoci da gwamnatoci a wuyansu, ba su iya kashe abu dare ɗaya ko da suna so. Ko jita-jitar gaskiya ce, kusan kullum tana ba ka shekaru ka yi shiri. Yaron da ya rushe aikin wata uku cikin dare ɗaya ya yi gudun ruwan da ko hadarinsa bai haɗu ba.

Akwai wata karkata da na daɗe ina gani. Duk sanda aka kaɗa gangar cewa wani kayan ƴar gida zai mutu, matasa sai su ruga wajen gama-gari, suna ganin sun tsira daga hannun mai gida ɗaya. Ba su lura cewa gama-garin ma gidan haya ba ne, da nasa mai gida. Xamarin, wanda Microsoft ta saya a 2016, an daina kula da shi ranar 1 ga Mayu 2024, aka ce kowa ya koma MAUI. Atom, manhajar rubutun da saboda ita aka ƙirƙiri Electron, GitHub ta rufe ta a watan Disamba na 2022, ko da yake Electron ɗin ya rayu. Flutter kuwa, wanda ɗan yayata ya fara koyo bayan abin da ya same shi, bai daɗe da kama shi ba sai ga labari a 2024 cewa Google ta sallami ma'aikata har da wasu daga sashen Flutter. Nan take aka fara yi masa ta'aziyya shi ma. Yaron ya sake kirana, muryarsa a sanyaye. Na ce masa in ya ci gaba a haka, sakin reshe kama ganye zai yi ta yi har ya tsufa, kuma ba zai taɓa sanin kayan aiki ɗaya sanin da ake cin abinci da shi ba.

Labarin Qt ya fi kowanne koya mini darasi. Nokia ta sayi kamfanin da ke yin sa, Trolltech na ƙasar Norway, a 2008. A watan Fabrairu na 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya juya akalar kamfanin zuwa Windows Phone. Kowa ya ce Qt ya zama maraya, kuma a wannan karon hujjar masu faɗa tana da ƙarfi, don uban da ke ciyar da shi ne ya juya baya. Nokia ta sayar da shi ga Digia, aka kammala cinikin a 2012. Yau wayoyin Windows Phone sun zama tarihi, Qt kuwa yana nan; duk wanda ya kalli fim da VLC a kwamfutar Windows, fuskar Qt yake kallo. Me ya tsare shi? Tun 1998 akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin masu Qt da jama'ar KDE, cewa in aka daina fitar da shi kyauta, to za a sake shi ga duniya da lasisin da ba ya ɗaure kowa. Wanda ya karanta wannan takarda a 2011 ya yi barcinsa. Wanda ya tsaya ga bakin mutane ya kwashe kayansa ya gudu.

Saboda haka in magana ta iso muku, ku fara da tambayar da makiyayin nan ya manta bai yi ba: wa ke faɗa, kuma me yake sayarwa? Mai bidiyo da kallon ku yake ci, kuma “ta mutu” ta fi “tana nan yadda take” jawo ƴan kallo. Mai koyar da sabon kayan aiki don kuɗi ba zai ce muku tsohon ya isa ba. Daga nan ku nemi rana. Kamfanonin nan suna wallafa ranar da za su daina kula da kowane abu, a rubuce, da wata da shekara. Maganar da ba ta da rana, ku ajiye ta a gefe tukuna. Sannan ku duba ko mai tuwon yana ci daga tukunyarsa. Microsoft ta gina fuskar Visual Studio da WPF tun 2010, ta kuma gina Visual Studio Code da Electron. Abin da kamfani ya ɗora nasa kayan a kai, ba ya saurin rushe shi. Ubuntu ta gina manhajar girka tsarinta da Flutter tun fitowar 23.04. Irin wannan shaida ta fi rantsuwar mutum ɗari. Addininmu ma ai ya hore mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kada mu wayi gari muna nadama.

Ku kuma fahimci abin da suke nufi da mutuwa. A bakin mutanen can, abin da aka daina ƙara wa sababbin ƙawa shi ne matacce. Mu nan, rijiyar da aka gama ginawa ba a cewa ta mutu don an daina haƙa. A sannan ne ma ake shan ruwanta. Manhajojin da aka rubuta da Visual Basic 6, kayan 1998, har yanzu suna tashi a kan Windows 11. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci za ku tarar da shaguna da ofisoshi da yawa suna tafiya a kan abin da aka gina da WinDev, na wani kamfanin Faransa, wanda masu bidiyon Amurka ko sunansa ba su ambata. Ban ce ku je ku koyi waɗannan ba. Cewa na yi kayan da ya daina rawa sau da yawa ya fi dacewa da shagon da mai gyara ba ya zuwa sai bayan wata shida.

Kuma kada ku zaci manya sun san amsar. WhatsApp na kwamfuta da Electron ya fara, a 2022 aka mai da shi ɗan gidan Windows ana ta yabo, a 2025 kuma aka sake juya shi zuwa fasahar shafin intanet. Kamfanin da ke da injiniyoyi dubbai yana iya yin wannan kai da kawowa, asarar ba ta taɓa shi. Kai da aka biya jaka ɗari biyu, rabi a hannu rabi sai bayan kaka, ba ka da wannan sararin.

Alƙalin gaskiya yana kan teburin mai shago. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka ga injin da idonka, gani ya kori ji. Wane Windows ke kansa, ƙwaƙwalwarsa nawa, batirinsa na riƙe wuta ko da an ɗauke kuran yake mutuwa? Mun ga yadda wuta ta yi ƙaranci a ƙasar nan lokacin da Najeriya ta yanke layinta a watan Agusta na 2023. Manhajar da ke cin wuta da ƙwaƙwalwa tana rage wa mai shago awannin aiki, kuma wadda ba ta adana lissafi nan take za ta zubar masa da cinikin yini in inji ya mutu ba sallama. Manhajar Electron, ko ba ta yin komai sai gaisuwa, nauyinta kan tasam ma megabait ɗari. Ka tuna wanda zai sauke gyaranta da kuɗin katinsa na Airtel ko Moov ko Zamani, a garin da layi ke zuwa yana tafiya. Ka gwada ƴar na'urar buga takardar ciniki tun da wuri, ka ga ko tana fitar da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, don yawancinsu ba su san haruffanmu ba, sai ka yi dabara ka aika musu rubutun a matsayin hoto. Babu mai bidiyon da zai gaya maka wannan, don bai taɓa sayar wa Ɗanladi taki bashi ba.

Wani lokaci teburin nan gama-gari zai nuna maka, kuma ka bi shi ba kunya. In ɗan Alhaji yana son ganin lissafi a wayarsa ta Android yana Yamai, Flutter na da hujja. In ƙungiyar manoma ce da ke da injuna iri-iri, wasu an sa musu Linux, Qt ko Java na da hujja. Ga kuma wani abu da ba jita-jita ba ne, rana ce rubutacciya: 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ta daina kula da Windows 10, kamar yadda ta daina da Windows 7 a watan Janairu na 2020. Windows 11 kuwa yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da inji mai ɗan sabunta, abin da gwanjo da yawa a kasuwanninmu ba su da shi. Wannan shi ya kamata ya hana ku barci. Injunan nan ba su mutu ranar ba, amma wanda aka jona da intanet ƙofarsa a buɗe take, kuma wasunsu Linux ne kaɗai zai tsawaita kwanansu. Abin mamaki, fadar da ta kwana tana gardama a kan mutuwar WPF, ban ji ta ɗaga wannan zancen ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma abin da ke rage wa kowace jita-jita dafi, shi ne yadda ka tsara ginin tun farko. Ka raba rumbu da zaure. Lissafin kaya da dokokin bashi da bayanan ciniki su zauna a gefe guda, fuskar da ake dannawa a gefe guda, kada ka cakuɗa su. Bayanan ka zuba su a abin da kowane kayan aiki ke iya karantawa, kamar SQLite, wanda ke nan tun 2000, ba mallakin kowa ba ne, kuma masu kula da shi sun ce niyyarsu su riƙe shi har 2050. In ka yi haka, ranar da mutuwar gaske ta zo wa fuskar, zaure kawai za ka sake, hatsinka na nan. Ɗan yayata ya sha wahalar wata biyu ne don ya zuba lissafinsa a cikin maɓallan dannawa, ta yadda taɓa ɗaya taɓa duka ne.

Ya mayar wa Alhaji tsohuwar manhajarsa a ranar da sabuwar ta ƙi aiki, don Allah ya sa bai goge ta ba. Daga baya ya zauna ya zare lissafin daga jikin fuskar, sannu a hankali, ba tare da yaran shago sun ga wani canji ba. Ya shawo kan Alhaji ya cire injin daga intanet, ana kwafe bayanai a kile duk ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa. Flutter ɗin bai yar ba, yana gina wa ɗan Alhaji ƴar manhajar waya da shi, a kan rumbun nan guda. Kwanan baya wani mai kantin magani daga wajen Damana ya neme shi da irin wannan aiki, yana tambaya wace fasaha ce ake yayi yanzu. Yaron ya ce masa, “Ranka ya daɗe, a ɗauko mini hoton takardar da ke manne a gindin kwamfutar tukuna, da na na'urar buga takardar.” Shi kuwa Alhaji na Filinge, abin da ya roƙa a ƙara masa bana shi ne gurbi guda a shafin bashi, inda za a rubuta ko da kuɗi mutum zai biya ko da damin gero.